Yadda Na Samu Izinin Zuwa Jalozai, Tsohon Sansanin 'Yan Gudun Hijirar Afganistan

Na shafe kusan wata uku ina neman izinin zuwa wurin da tafiyarsa daga Islamabad ba ta kai awa uku a mota ba, kuma kusan rabin wannan lokaci ya salwanta ne saboda abubuwan da mutum ɗaya zai iya bayyana mini a zama guda. Tun da na dawo gida wasu ɗalibai 'yan uwanmu da ke karatu a Pakistan suke tambayata yadda na yi, shi ya sa na ga ya fi kyau in rubuta labarin daki-daki, tun daga takardar farko har zuwa ranar da na taka ƙasar Jalozai da ƙafata.

Kafin in tafi karatun digiri na biyu na yi aikin agaji a Maiduguri, kuma ina nan a ƙarshen watan Nuwamba na 2021 lokacin da gwamnatin Borno ta rufe sansanin Bakassi da ke kan hanyar Damboa. Wurin asalinsa rukunin gidaje ne da gwamnati ta fara ginawa, sai rikici ya cika shi da mutanen Gwoza da Monguno da Marte da wasu garuruwa. Ranar da na ga motoci suna kwashe mutanen da na sani da tabarminsu da tukwanensu, tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: idan an rufe sansani, me ke faruwa da filin, kuma me ke faruwa da waɗanda suka raya shi? Da na kai wa malamin da ke duba aikina wannan tambaya a Islamabad, bai yi dogon tunani ba ya ce in je Jalozai. Wurin yana gundumar Nowshera a lardin Khyber Pakhtunkhwa, kimanin kilomita 35 kudu maso gabas da Peshawar. An kafa sansanin a farkon shekarun 1980, bayan da sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga Afganistan a watan Disamba na 1979, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan matsugunan 'yan Afganistan a ƙasar har aka rufe shi a 2008. Ba a cika shekara ba aka sake buɗe shi, wannan karo domin 'yan Pakistan ɗin kansu da yaƙi ya kora daga yankunan Bajaur da Mohmand, daga baya kuma daga Swat da Bara. Ke nan fili ɗaya ya ɗauki baƙi daga waje, ya kuma ɗauki 'yan gida irin namu na Bakassi, sa'an nan ya koma hannun masu gine-gine. Ban taɓa jin wurin da ya dace da tambayata kamarsa ba.

Na fara a tsakiyar watan Disamba na 2022 da wani zato da ya ɓata mini lokaci. Na ji cewa tun 2019 Pakistan ta sassauta wa baƙi dokar neman takardar izinin shiga yankuna da dama, wadda kowa ke kira NOC, sai na ɗauka wasiƙar malamina kaɗai za ta wadatar. A ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'armu aka fahimtar da ni cewa sassaucin na masu yawon buɗe ido ne, amma baƙon da zai zauna da mutane yana yi musu tambayoyi yana rubutawa, musamman a kan 'yan gudun hijira, hukuncinsa daban ne. Aka lissafa mini abin da zan kawo: wasiƙar shugaban sashe mai hatimi, amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na tsangaya, taƙaitaccen bayanin aikin a shafi biyu, jerin tambayoyin da zan yi, kwafin fasfo da biza da katin ɗalibi, hotunan fasfo shida, da takardar da ke nuna ɗakin da nake zaune a gidan kwanan ɗalibai. Kowace takarda kwafi huɗu. Amincewar kwamitin ɗa'a ta ɗauki kwana goma domin ba kullum suke zama ba. Da na haɗa komai kuma, magatakardan ya duba bizata ya ga saura mata mako bakwai, ya ce gara in sabunta ta tun yanzu, domin babu jami'in da zai so ya sa hannu a izinin da zai iya fitowa bayan bizar mai shi ta ƙare. Na cika neman sabuntawar ta intanet a ranar, na haɗa rasit ɗin da sauran takardu. A wannan mataki abin da na kashe a kan hoto da kwafi da buga takardu bai wuce rupi dubu biyu ba, ban da kuɗin bizar.

A makon farko na Janairu na hau mota zuwa Peshawar, tafiyar kilomita 155 ko kusa da haka a kan babbar hanyar M-1, domin in gabatar da kaina ga ofishin Kwamishinan 'Yan Gudun Hijirar Afganistan na lardin, wanda ke unguwar Hayatabad. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya kama kusan rupi dubu biyu. Daga tasha na shiga doguwar motar gari mai hanyarta ta musamman, wadda aka buɗe a 2020, ta ratsa birnin daga Chamkani har Hayatabad. Na jira kusan awa biyu a kan benci tare da wasu dattawa masu manyan rawuna da takardu a cikin leda, sa'an nan aka shigar da ni wurin wani jami'i mai furfura, wanda ya sa aka kawo mini koren shayi kafin ya buɗe fayil ɗina. Ya karanta wasiƙar har ƙarshe, ya ɗora yatsa a kan layin da na rubuta cewa ina neman izinin ziyartar sansanin 'yan gudun hijira na Jalozai, ya ce mini cikin ladabi, ɗan'uwa, babu wannan wuri a littafinmu. Na ɗauka ban ji daidai ba. Sai ya yi mini bayanin da ya kamata in sani tun ranar farko. Ofishinsu yana kula ne da matsugunan da ke raye, waɗanda a hukumance ake kira ƙauyukan 'yan gudun hijira, kuma a lokacin guda 43 ne a lardin daga cikin 54 na ƙasar baki ɗaya. Jalozai ya fita daga wannan jeri tun da aka rufe shi. Zamanin da 'yan gida suka zauna a wurin, hukumar kula da bala'o'i ta lardi ce ta riƙe shi, kuma shi ma wannan babi an rufe shi. Yanzu fili ne kamar kowane fili a ƙaramar hukumar Pabbi, wani ɓangare a hannun wata jami'a, wani a hannun hukumar gidaje, wani a hannun kamfanin raya masana'antu na lardi, sauran a hannun masu gonaki.

Wannan magana ta girgiza ni fiye da yadda na nuna a fuskata. Wurin da aka haifi dubban yara, aka ɗaura aure, aka binne iyaye na kusan shekara 28, ba shi da ofishi ɗaya da zai ce nawa ne. Ma'anar haka ga mai nema irina ita ce izini biyu yake bukata. Na fili yana bi ta ma'aikatar cikin gida ta tarayya zuwa sashen harkokin cikin gida na lardi, daga nan zuwa shugaban mulkin gundumar Nowshera. Na mutane kuma a lokacin yana hannun ofishin kwamishinan, idan mutum yana so ya shiga ɗaya daga cikin ƙauyukan da ba a rufe ba. Jami'in ya ƙara mini da wani darasi a kan katuna, wanda ya amfane ni har ƙarshen aikina. Pakistan ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, saboda haka a lokacin matsayin ɗan Afganistan yana rataye ne a kan katin da ke aljihunsa. Akwai masu katin rajista da ake kira PoR, wanda aka fara bayarwa bayan rajistar 2006 zuwa 2007 da ta ƙirga mutum sama da miliyan biyu. Akwai masu katin shaidar ɗan Afganistan da ake kira ACC, na 2017 zuwa 2018, wanda kariyarsa ba ta kai ta farkon ba. Akwai kuma waɗanda ba su da ko ɗaya. Ya gargaɗe ni kada in taɓa tambayar mutum wane kati yake da shi a gaban jama'a, kada kuma in rubuta sunan kowa a littafina.

Na koma Islamabad na sake rubuta wasiƙar daga farko. Na cire kalmar sansani daga layin buƙata, na sa sunayen wuraren kamar yadda suke a yau: ƙauyen Jalozai, ƙaramar hukumar Pabbi, gundumar Nowshera, tare da ranakun da nake so da sunan tafinta da lambar katin shaidarsa. Tunda wasiƙar ta canja, dole ta sake bi ta hannun malamina da shugaban sashe da ofishin ɗaliban waje, sai a ranar 20 ga Janairu ko kusa da haka ta fita daga jami'a. A nan ne wani ɗan Zariya da ya riga ni zuwa ƙasar da shekara uku ya ba ni shawarar da ta fi kowace amfani. Ya ce, Malam, duk ofishin da takardarka ta shiga, kada ka fito sai ka karɓi lambar dayari. Ita ce lambar da akawu ke bai wa kowace wasiƙa a babban littafin shiga da fita, kuma da ita ake bin sawun fayil. Wanda ya je yana ambaton sunansa da ƙasarsa kawai zai yini ana juya shi daga tebur zuwa tebur, amma wanda ya faɗi lamba da kwanan wata, a minti biyar za a gaya masa inda takardarsa take kwance.

Ranar Litinin 30 ga Janairu, 2023, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a masallacin da ke cikin harabar hedikwatar 'yan sanda ta Peshawar ana tsakiyar sallar Azahar, mutum sama da 80 suka rasu, mafi yawansu 'yan sanda. Wanda ya zauna a Maiduguri ya san irin shirun da ke sauka a gari bayan irin wannan rana. Ban ga laifin kowa ba da komai ya tsaya, domin mutanen da za su sa hannu a takardata su ne ke binne abokan aikinsu. Jami'a ta hana ɗaliban waje zuwa lardin na wani lokaci, mahaifiyata kuma ta yi ta kira daga gida tana cewa in bar wannan aiki in nemi wani. Na yi kusan mako biyu ina tunanin canja batun binciken gaba ɗaya. Abin da ya riƙe ni shi ne karatun da na duƙufa a kai a ɗakin karatu, inda na bi tarihin wurin shekara bayan shekara. A ƙarshen 2000 da farkon 2001 fari da yaƙi sun sake turo dubun dubatar mutane daga Afganistan, suka yada zango a gefen tsohon sansanin a ƙarƙashin ledoji, ba tanti ba makewayi na kirki, sanyi yana kashe yara a lokacin hunturu, zafi yana kashe su da bazara. Da Kofi Annan, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zo Pakistan a watan Maris na 2001, ba a kai shi Jalozai ba, wani sansani da ake kira Shamshatoo aka kai shi. An rufe wannan sabon zango a watan Fabrairu na 2002, tsohon ya ci gaba har 2008. Sanin haka ya sa na daina ganin jirana a matsayin wani abu da aka yi wa ni kaɗai.

A tsakiyar Fabrairu wasu mutum biyu cikin fararen kaya suka zo gidan kwananmu, suka nemi ganina a ofishin mai kula da gidan. Sun tambaye ni wanda ke biya mini kuɗin karatu, ƙungiyar da na yi wa aiki a Najeriya, ko ina da alaƙa da wata kafar yaɗa labarai, da abin da ya sa ɗan Afirka yake sha'awar wani ƙauye a Nowshera. Na amsa gaskiya, na nuna musu hotunan Bakassi a wayata, kuma da na yi musu bayanin Boko Haram da yadda aka rufe sansanoninmu sai hirar ta sassauta. Ba ta wuce minti arba'in ba. Duk wanda zai bi wannan hanya ya sa ran wannan ziyara, kada ta firgita shi, ya kuma tabbata abin da zai faɗa da baki bai saɓa wa abin da ya rubuta ba ko da a kwanan wata ne. Bayan haka fayil ɗin ya kwanta kwana goma sha biyu a wani ofishi daga cikin waɗanda ya bi, saboda wanda zai sa hannu ya tafi hutu ba a miƙa aikinsa ga kowa ba. Da lambar dayari na gano haka, malamina ya buga waya sau ɗaya, takardar ta motsa.

Izinin ya fito a makon farko na Maris, shafi ɗaya rak. Ya ba ni kwana uku, daga safe zuwa kafin faɗuwar rana, ba kwana a gundumar, ba ɗaukar hoton wuraren tsaro, kuma tare da rakiyar da 'yan sandan gunduma za su ga ta dace. Babu kuɗin da aka karɓa a kan takardar kanta. Kuɗin yana wajen aiwatar da ita: mota da direba rupi dubu takwas a yini, tafinta mai jin Pashto da Turanci dubu biyar a yini, ɗakin otal a Peshawar dubu shida a dare, da abincin rana na duk wanda ke cikin motar, wanda ba doka ba ce amma mutunci ya wajabta. Na matsa a yi tafiyar kafin azumi, wanda ya kama ranar 23 ga Maris a shekarar, domin na san da watan Ramadan ofisoshi suna tashi da wuri kuma ba a samun dattawa su zauna hira da rana. Rabin yinin farko ya tafi a garin Nowshera, inda na kai takardar ofishin shugaban mulkin gunduma aka buga mata hatimi, na wuce ofishin 'yan sanda aka rubuta sunana da lambar motar, aka haɗa ni da ɗan sanda ɗaya, sa'an nan muka tsaya a Pabbi na gaida jami'in ƙaramar hukumar. Da na sani, da na nemi kwana huɗu, domin wannan zagaye na gaisuwa da hatimi yana cikin lissafin ranakun.

Daga Pabbi hanya ta bar babban titin GT ta nufi kudu wajen duwatsun Cherat. Ƙasar busasshiya ce mai tsakuwa, irin wadda ba ta noma sosai sai da ban ruwa, kuma wannan ne ya sa tun farko aka iya bai wa baƙi ita. Na zo da hoton sansani a kaina, layukan gidajen laka da tantuna, sai ga doguwar katanga da babbar ƙofa ta reshen Jami'ar Injiniya da Fasaha ta Peshawar, ɗalibai suna fitowa da jakunkuna a kafaɗa. Gaba kaɗan ga rukunin gidajen Jalozai na hukumar gidaje ta lardi, an shata tituna an kafa turakun lantarki, fulotai da yawa babu gini sai lamba a jikin dutse. Ga kuma yankin masana'antu da gwamnatin lardi ta ƙaddamar a 2020, wasu rumfunan sun tashi wasu ana kan aikin tubali. A bakin hanya shagunan dillalan filaye sun jeru da allunansu. Na tambayi direban ina sansanin yake, ya zagaya hannu ta taga ya ce duk nan ne. Babu allo ko dutse ɗaya da na gani da ke gaya wa mai wucewa abin da wurin ya kasance. Sai da muka sauka daga kwalta muka taka a ƙasa na fara ganin alamu: gindin katangun laka da ruwan sama ya cinye, wani dandamalin siminti na famfon tuƙa-tuƙa, da maƙabarta mai faɗi wadda kaburburanta tarin duwatsu ne, mafi yawa babu suna, da yawa kuma gajeru ne ƙwarai. Na tsaya na yi musu addu'a, ɗan sandan ma ya ɗaga hannu tare da ni.

Rana ta biyu na yi ta a hujra, wato zauren baƙi na ƙabilar Pashtun, mutanen yankin, wanda aikinsa bai bambanta da na zaurenmu ba. Tafintana yana kiran babban dattijon wurin Kaka, wanda a harshensu girmamawa ce ga sa'an uba, ni kuma na bi shi da kiran ba tare da wata wahala ba tunda kalmar tana bakina tun ina yaro. Dattawan ba su yi magana da murya ɗaya ba, kuma wannan ya sa na yarda da su. Wani ya ce zamanin sansani kasuwa ta bunƙasa, an samu hanya da asibiti da ƙwadago mai araha, 'yan Afganistan ne suka riƙe aikin tubali da jigila da sayar da kayan marmari. Wani ya ce itatuwa sun ƙare, ruwan ƙasa ya yi nisa, makiyaya sun rasa wurin kiwo. A kan abin da ya biyo baya ma sun rabu. Wanda ya riƙe gonarsa har jami'a da rukunin gidaje suka zo ya ga farashin da bai taɓa mafarkinsa ba, wanda ya sayar da wuri yana cizon yatsa. A nan na koyi ma'aunin filinsu, domin ba a fahimtar hirar sai da shi: marla 20 ke yin kanal ɗaya, kanal takwas ke yin eka ɗaya. Na kuma gane girman patwari, ƙaramin jami'in da ke riƙe da littafin filaye, wanda takardarsa ce ke raba gardama a kan wa ke da me. Ban sa shi cikin waɗanda zan gani ba a wasiƙata, saboda haka gaisuwa kawai muka yi. Mai binciken fili da bai nemi ganin patwari a rubuce ba ya bar rabin aikinsa a baya.

A rana ta uku da yamma, bayan na sallami rakiyar, na zauna a wani shagon shayi a Board Bazar cikin Peshawar, kasuwar da ake yi wa laƙabi da ƙaramar Kabul, da wani tela ɗan Afganistan da tafintana ya sani. An haife shi a Jalozai, bai taɓa zama a Afganistan ba sai ziyara sau biyu. Ya ba ni labarin 2008, yadda aka ba su zaɓi tsakanin komawa ƙasarsu da tallafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ko ƙaura zuwa wani ƙauyen da aka amince da shi, da yadda mutane suka riƙa cire azara da ƙofofi da tagogin gidajensu da hannunsu suna lodawa a manyan motoci kafin katafila ta iso, domin katako shi ne kaɗai ɓangaren gidan da za su iya kira nasu. Ya ce katinsa na PoR ya ba shi damar zama, tun 2019 ma ya ba shi damar buɗe asusun banki, amma bai ba shi damar mallakar fili da sunansa ba. Ke nan ko yana da kuɗin, ba zai iya sayen marla biyar a wurin da aka yanke masa cibiya ba. Ya lissafa mini sauran sansanonin da suka bi wannan hanya, Nasir Bagh da aka rufe a 2002 da Kacha Garhi a 2007, waɗanda birni ya riga ya haɗiye, hanyar Nasir Bagh ta cika da sababbin unguwanni masu katanga. Ban ji ɗaci a muryarsa game da jami'ar ba, har ya ce gara makaranta da kango. Abin da ya dame shi shi ne kabarin mahaifinsa, wanda yake zuwa dubawa kowace sallah, kuma kowace shekara yana tarar da gini ya ƙara matsowa.

A ganina, ci gaban da Jalozai ya samu na gaske ne, kuma mutanen yankin sun cancance shi bayan shekarun da suka yi suna karɓar baƙi. Amma hanya da kasuwa da sunan da suka jawo hankalin masu zuba jari ba daga sama suka faɗo ba, kuma waɗanda guminsu ke ciki ba su da kaso ko na ambato. Bambancinsu da mutanen Bakassi shi ne namu 'yan ƙasa ne, suna da ƙuri'a da garin da za a ce sun koma, ko da komawar ta zo da nata haɗarin. Duk da haka tambayoyin da ya kamata a yi kafin a rufe kowane sansani iri ɗaya ne a can da nan: wa zai kula da maƙabarta, ina za a ajiye rajistar haihuwa da ta makaranta, kuma wane ofishi ne zai amsa idan wani ya zo bayan shekara goma yana tambaya.

Ga mai shirin bin sawuna, ya fara da wata huɗu a hannu, ya sabunta bizarsa kafin komai, ya rubuta sunan wuri yadda yake a takardun gwamnati na yau, ya raba buƙatar fili da ta mutane tun a wasiƙar farko. Ya ajiye kwafin kowace takarda a jaka da kuma a waya, domin a kowane shingen bincike za a nemi ɗaya kuma ba kullum ake mayarwa ba. Bayan tafiya ya kai gajeren rahoto da wasiƙar godiya ga ofisoshin da suka sa hannu, saboda ɗalibin da zai zo bayansa zai ci albarkacin haka. Duka-duka na kashe abin da ya kusa rupi dubu saba'in, mafi yawansa a kwana ukun nan. Ya kuma sake tambayar ƙa'idojin daga tushe, domin a watan Oktoba na 2023 gwamnatin Pakistan ta bai wa duk baƙin da ba su da takardu wa'adin barin ƙasar kafin 1 ga Nuwamba, kuma tun daga lokacin duk abin da ya shafi 'yan Afganistan ya ƙara tsauri.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na sunaye. Motar rakiya ba ta ɗaukar kowa sai wanda sunansa ke cikin izini, ni kuma ban sa sunan ko mutum ɗaya da ya taɓa zama a sansanin ba, don haka na zagaya Jalozai kwana biyu da rabi ba tare da wanda zai ce mini nan ne makarantarmu, nan ne masallacinmu ba. Telan ya yi mini alkawarin zai kai ni idan na sake samun izini, na kuma fara shirya wata wasiƙar da sunansa a ciki. A tsakiyar Nuwamba tafintana ya aiko mini da saƙo cewa telan ya rufe shagonsa. Shi yana da kati, matarsa ba ta da shi, sai ya kwashi iyalinsa da kekunan ɗinkinsa biyu suka ƙetare zuwa Afganistan ta kan iyakar Torkham.